Telan da Ya Ɗinke Shaida

In ka taɓa bi ta gaban wata kotun majistare a Gwarzo, wadda ke da tsohuwar darbejiya a bakin ƙofa, to ka ga Baƙo Tela ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai sanƙo, wanda ya ɗaure tabarau da zare ta ƙeya, yana taka keken ɗinki yana zuba. Ƙafa ba ta hutawa, baki ma haka. Shekararsa talatin da ɗaya a gindin bishiyar nan. Alƙalai sun zo sun tafi, an sake wa ginin fenti har sau uku, shi kuwa yana nan daram, ko inuwa bai sauya ba.

Mahaifinsa malamin makaranta ne daga Kudancin Kaduna. An turo shi Gwarzo koyarwa, ya zo da niyyar yin shekara biyu, a nan aka binne shi bayan shekara arba'in. Ya so ƙwarai Baƙo ya gaje shi a riƙon alli, amma in aka ba Baƙo littafi sai ya juya shi yana duba yadda aka ɗinke bayansa. Da uban ya ga abin ba na bulala ba ne, sai ya kai shi wurin wani tela a kasuwa ya ce ga shi nan, ko Allah zai sa ya yi amfani. Aka kuwa dace.

Zaman bakin kotu dabararsa ce, ba wanda ya koya masa. Yakan ce mutum ba ya zuwa nan sai an yi rikici, rikici kuwa a ƙasar nan daga wuyan riga yake farawa. Gaskiyarsa. Da mai ƙara da wanda ake ƙara, duk a bencinsa suke zama, wannan a wancan gefe, wancan a wannan gefe, kowa daga shi sai singileti, suna hararar juna suna jiran ya gama musu gyara. Gyaran nasa kuwa ba irin na kowa ba ne. Daga cikin aljihun rigar yake yanko ƙyallen da zai yi faci, ya zaro zare daga kalmasar ƙasa, ya bi saƙar yadin a hankali har yaga ta ɓace. In ya miƙa maka rigarka yakan ce ka nemo wurin, in ka gano ka tafi da keken. Har yau keken yana nan.

Sai dai Baƙo bai ɗauki kansa tela kawai ba. A ganinsa, ban da alƙali babu wanda ya kai shi sanin shari'a a Gwarzo, alƙalin ma don dai yana da kujera ne. Abin mamaki, bai taɓa sa ƙafarsa cikin kotun ba ko sau ɗaya. Akwai wata taga daidai saitin kekensa, ta nan ya yi dukan karatunsa na lauya. Inda ya fi ƙwarewa kuwa shi ne ƙarar shaƙe wuya.

Yakan ce, “In aka kawo irinta guda goma, bakwai a gindin bishiyar nan suke mutuwa. Dattawa su zo da manyan riguna, a ce haba, ku fa 'yan uwa ne, a shafa fatiha, a janye. Biyu kuma kafin a zauna shari'a tabon ya ɓace, don wuya ba ya riƙe tabo kamar goshi, sai a kori ƙara. Ɗaya ce tak take kaiwa ƙarshe.”

Ba wanda ya taɓa ganin ya ƙirga, amma wa zai ja da shi? Yana da wata ƙa'ida kuma da ya fi riƙewa da ƙarfi, wai alƙali da ido yake fara shari'a. Duk wanda ya shiga gabansa da yagaggiyar riga, an gama ɗaukarsa mafaɗaci tun bai buɗe baki ba. Wannan ƙa'idar ce ta kusa kai shi ta baro.

Yana da wani amini, Malam Lawal, mutumin Dugabau, ɗan kamasho a wata 'yar tasha da ake lodin motocin Kabo. Murya ce jarinsa. In ya kira fasinja, tsohuwar da ke can ƙarshen kasuwa sai ta ɗaure kayanta ta taho. Kullum da azahar yakan zo gindin darbejiya da rogo da ƙuli a takarda, su baje su ci, su yi ta gardama a kan abin da bai shafe su ba. Shekara ashirin suna haka, kuma a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa ganin ɗaya ya bari ɗaya ya kai ƙarshen magana ba.

Ran wata Alhamis da hantsi, wani direba mai suna Abdulnasir ya shigo tasha a makare, ya ce shi za a fara yi wa lodi. Ƙato ne, kuma ƙanen ciyaman na tashar, ya saba a kauce masa. Malam Lawal ya ce layi layi ne. Magana ɗaya, biyu, sai Abdulnasir ya cafki wuyan rigarsa, ya naɗe a hannu, ya murɗa. Bai saki ba sai da idanun bawan Allah suka firfito, ƙafafunsa suka saki, ya zube. Da ruwan mai shayi aka farfaɗo da shi. Mutum wajen arba'in suna tsaye. Ya tashi da ransa, amma da ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

Nan fa wasa ya ƙare. Malam Lawal ya yi mako guda yana shan zuma da citta, yana cewa gobe za ta buɗe. Kafin ya je asibiti shatin da ke wuyansa ya baje. Hoton da wani ya ɗauka da waya kuwa, sai ka rantse gindin tukunya aka ɗauka. Dattawa suka zo da maganar sulhu, ya girgiza kai. Suka dawo da wasu dattawan da suka fi su tsawon gemu, ya sake girgiza kai. Daga nan sai shaidu suka fara narkewa. Wannan ya ce lokacin ya zaga bayi, wancan ya ce yana duba taya. Mai shayin da ya zuba ruwan ma cewa ya yi shi dai ya ga mutum a kwance, ya ɗauka farfaɗiya ce. Har aka fara raɗe-raɗin wai muryar tana nan lafiya lau, Lawal ne yake wasan kwaikwayo. Wannan ta fi shaƙar yi masa ciwo.

Abin da ya rage masa a duniya ita ce rigar. Insifeta Israel, ɗan sandan da ke gabatar da ƙara, ya ce masa ya adana ta yadda take, kada ruwa ya taɓa ta, ya zo da ita ranar zama. Malam Lawal ya san in ya kai ta Dugabau, iyalinsa ba za su ga riga da jini su ƙyale ba. Sai ya ƙulle ta a baƙar leda ya kawo wa amininsa. Ya sunkuyo, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa a maƙogwaro, ya ce, “Ajiye min. Sai ranar kotu.”

Baƙo ya ce, “An gama, Malam Lawal. Kamar ka sa a banki.”

Kwana biyu ya daure, a ba shi wannan. A na uku ya kwance ledar, wai don ya duba kawai. Shadda ce ruwan toka, da aikin zare ruwan ƙwai a wuya, ita ce rigar kirki ɗaya da Malam Lawal ya mallaka. Wuyan ya kanannaɗe ya dagargaje, ga busasshen jini inda maɓalli ya nutse a fata. Baƙo ya ji zuciyarsa ta tafasa. Ya ce a ransa, yanzu da wannan tsumman aminina zai tsaya gaban alƙaliya? Ga shi ba baki, ga shi ba riga? Wancan ƙaton zai shigo da shadda tana ƙyalli, a dubi nawa a ce ga ɗan tasha mafaɗaci? Ina! Ba dai ina raye ba.

Ya ɗauki almakashi ya yanke wurin da ya lalace gaba ɗaya, ya jefa a buhun ƙyallaye. Kwana uku ya yi a kan rigar nan, ya kori masu kawo aiki, ko gardama bai yi da kowa ba. Ya sake aikin wuyan zare bayan zare. Ya wanke, ya sa sitaci, ya kai aka buga ta. Tun da ya fara riƙe allura bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, shi kansa sai da ya nemi wurin ya rasa.

Ranar zama, Malam Lawal da Insifeta Israel suka iso tare. Baƙo ya miƙe, ya warware rigar a gabansu da hannu biyu, yana murmushi har kunne.

Ya ce, “To, ku nemo wurin.”

Malam Lawal ya dubi riga, ya dubi Baƙo, ya sake duban riga. Sai ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba, a ƙasa. Insifeta ya cire hularsa ya riƙe.

Ya ce, “Baba, ina yagar?”

“Ai shi ne aikin, Yallaɓai.”

“Ina jinin?”

“Sabulu biyu na sa.”

Insifeta ya ce, “Baba Baƙo, shekara goma sha tara ina aikin nan. Na ga an sace shaida, na ga an ƙone ta, na ga akuya ta cinye ta. Yau ne na fara ganin an yi mata sitaci.”

Aka shiga, Baƙo ya manne a tagarsa. Lauyan Abdulnasir ya ɗaga rigar sama yana juya ta, ya ce a duba, wannan ce rigar da aka ce an shaƙe mutum da ita har ya suma, shi dai in za a sayar masa zai sa ta ranar Juma'a. Alƙaliya, Mai shari'a Halima Sa'adiya, mace mai ƙarancin magana, ta karɓa ta kai ta kusa da ido, ta juya ciki, ta juya waje. Ta ce ba ta ga alamar an taɓa yaga rigar nan ba. Kunya ce a faɗa, amma sai da Baƙo ya ji wani daɗi ya ratsa shi, alƙaliya guda ta nema ta rasa! Daɗin bai kai ko'ina ba ya ji ta ci gaba da cewa ta ɗage zama zuwa mako biyu, in mai gabatar da ƙara bai kawo wata hujja ba, za ta kori ƙarar.

Malam Lawal ya fito ya wuce ta gaban keken, bai ko waiwaya ba. Wani daga cikin 'yan tasha ya yi shewa ya ce dama sun faɗa. A nan ne abin ya sauka wa Baƙo sosai. In aka kori ƙarar nan, an tabbatar wa gari cewa amininsa maƙaryaci ne, kuma da allurarsa aka tabbatar.

Ya koma gida tun rana ba ta yi sanyi ba. Matarsa Jumai tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ita ma sana'arta a jikin tasa take, duk ƙyallayen da ya tara a buhu ita ke kwashewa ta cusa a matasai ta sayar. Ya zayyana mata komai, yana yi yana kare kansa. Ta saurara har ya gama, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, “Baban Pamela, ce maka aka yi ajiye, ko ce maka aka yi gyara?”

“Ai ajiyar tela...”

“Garin neman gira ka rasa ido. Ina abin da ka yanke?”

Ya ce yana buhu. Ta ce wane buhun, na wancan makon? Ai ta juye shi tuni. Matasai goma sha ɗaya ta cusa da shi, na kayan ɗakin Zinnira ne, 'yar Hajiya Asta ta Kabo, an kai su tun ranar Litinin, biki kuma saura kwana tara.

Washegari suka hau mota sai Kabo, Jumai ta ƙi yi masa magana har suka sauka. Hajiya Asta ta karɓe su hannu biyu-biyu, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida, da yara, da gajiyar hanya, da hidimar biki, da damina, aka sake komawa kan yara. Baƙo da bai taɓa rasa abin faɗa ba sai ga shi yana ta maimaita “madalla” don kada gaisuwar ta ƙare. Da Jumai ta ga ba shi da niyya, sai ta ce, “Hajiya, mun zo ne mu farke matasan amarya.”

Hajiya Asta ta ce, “Ku me?”

Sai da aka yi mata bayani sau biyu. Da ta gane, ta yi salati, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce wani ɗan ƙanwarta ma an taɓa maƙure shi a gona, maganar ta mutu a zauren mai unguwa, har yau in zai haɗiyi tuwo sai ya runtse ido. Ta sa aka fito da matasan. Amma ta kafa sharaɗi, duk wanda aka farke, tela zai mayar da shi yadda yake kafin ya bar gidan.

Suka baje a tsakar gida. Jumai tana farkewa, Baƙo yana tonawa, matan gida sun kewaye su suna ba da shawara. Kowane ƙyalle ya ɗago sai ya gane mai shi, wannan na wanda aka kama da buhun masara ne, wannan na masu rikicin iyakar gona ne. Jumai ta ce ba tarihi aka zo ji ba. A matashi na tara ya ji wani abu mai tauri a hannunsa. Ya zaro. Ga shi nan a murɗe kamar igiya, ruwan toka da zare ruwan ƙwai, da baƙin jini a gefe. Ya sumbace shi, Jumai ta ce tir. Sai bayan la'asar ya gama mayar da matasai tara, yatsunsa duk sun yi tsami.

Insifeta Israel ya juya ƙyallen a tafin hannunsa, ya ce zai yi amfani, amma ba shi kaɗai ba. Dole wanda ya yanke shi ya shiga akwatin shaida ya faɗa da bakinsa cewa shi ya taɓa kayan shaida, ya kuma farke ɗinkin a gaban kotu. Ya ƙara da cewa ba zai ɓoye masa ba, in alƙaliya ta ga dama tana iya sa a tsare shi a kan hakan.

Kwana biyu kafin zama, ciyaman na tasha da kansa ya zo gindin darbejiya. Ya gaishe da Baƙo da ladabi, ya yaba aikinsa, ya tuna masa cewa duk direbobinsa nan suke kawo gyara. Da zai tafi ya ce, “Baba, shi tela da allura aka san shi, ba da surutu ba. Allah ya ja kwana.”

Baƙo ya ji tsoro, ba ƙarami ba. Shekara talatin da ɗaya yana yanke wa mutane hukunci ta taga, ashe bai taɓa tunanin yadda ƙafa take yi ba in ita ce za ta shiga. Ya ce wa Jumai yana jin zazzaɓi. Ta taɓa goshinsa ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta ɗauko masa rigarsa ta zuwa coci.

Da aka kira sunansa ya shiga, sai ya ga ashe ɗakin ƙarami ne, fankar sama ma ba ta aiki. Ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya yi rantsuwa. Ya faɗi abin da ya yi tiryan-tiryan, bai rage ba. Alƙaliya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Wato kai ne.”

Ya ce, “Ni ne, ranki ya daɗe.”

Aka shimfiɗa rigar a kan tebur. Ya ciro reza daga aljihu. Sai da ya ɗan tsaya, domin wallahi aikin ya yi kyau, sannan ya sa mata reza. Zare bayan zare ya bi yana warwarewa, facin ya fita, rami ya buɗe a wuyan rigar. Ya ɗauko ƙyallen da aka tono a Kabo ya ɗora. Bakin ya haɗu da baki, zanen aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar an haɗa fasasshiyar ƙwarya.

Lauya ya miƙe yana gyara kwat. Ya ce, “Malam tela, kana tashar lokacin da abin ya faru?”

“Ba na nan.”

“To me ka gani da za ka gaya wa kotu?”

“Riga na gani, Yallaɓai. Ita ba ta da mota a layi, ba ta jin tsoron kowa.”

Aka kwashe da dariya, masinja ya daka tsawa a yi shiru. Lauya ya ce ko da an yarda rigar ta yage, ai cin kwala ne irin na 'yan tasha, wanda ake yi kullum a rabu lafiya. Nan fa aka zo gonar Baƙo, tsoro ya tafi. Ya ce in aka ci kwalar mutum aka fizga, yadi a miƙe yake tsagewa, ya bi zare ya gangara ƙirji, ya ɗinke irin wannan ta fi dubu. Amma in aka naɗe a hannu aka murɗa, yadi ba ya tsagewa sai ya gaji, zaren ya miƙe ya kanannaɗe kamar wankin da aka matse. Ya ce in Yallaɓai lauya yana shakka, ya matso a gwada a kwat ɗinsa. Lauya ya ce a'a, ya gode.

Alƙaliya ta ce, “Kafin yadi ya yi haka, tsawon wane lokaci ake riƙewa?”

Baƙo ya ce, “Na gwada a gida, ranki ya daɗe. Na sami irin shaddar na naɗa a jikin taɓarya, na murɗa iya ƙarfina. Ba ni da agogo, sai na riƙa karanta Addu'ar Ubangiji. Na karanta ta sau uku daga farko har ƙarshe kafin zaren ya fara saki.” Sannan ya ƙara da cewa, “Taɓarya ce, ranki ya daɗe. Shi kuwa wuyan mutum ne a ciki.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Abdulnasir ya sunkuyar da kai. Alƙaliya ta daɗe tana rubutu.

Bayan mako guda ta yanke hukunci. Ta karanta takardar likita da ta ce maƙogwaron ya sami rauni, kuma ba lallai muryar ta dawo yadda take ba. Ta ce takardar ita kaɗai ba ta faɗi wanda ya yi ba, ba ta kuma faɗi yadda aka yi ba, amma da aka haɗa ta da rigar da bayanin tela, kotu ta gamsu. Ta ɗaure Abdulnasir wata huɗu ba zaɓin tara, ta kuma ɗora masa ɗawainiyar maganin. Sannan ta sa aka kira Baƙo, ta yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a, ta ce don ya kawo kansa ne ta ƙyale shi, in ya kuma, zai yi ɗinkinsa a gidan yari. Ya ce ya ji, ya gode, Allah ya ƙara girma.

Wasu suka ce wata huɗu ya yi kaɗan, 'yan tasha suka ce ya yi yawa, aka watse ana ta musu. A da Baƙo ne zai tsaya a tsakiya ya raba gardamar. Ranar kuwa sai ya koma kan kekensa ya zauna, ya ɗora ƙafa, bai taka ba. Tun ranar sitaci Malam Lawal bai zo gindin bishiyar ba, kuma shi Baƙo bai sami fuskar zuwa Dugabau ba.

Sai ga shi ya fito daga kotu, ya tako a hankali ya zauna a bakin benci. Baƙo ya fara magana tun bai gama zama ba. Ya ce shi fa da kyakkyawar niyya ya yi, ya san ya yi wauta, wautar da ko jaki ba zai yi ba, in Malam Lawal ya ce kada ya ƙara kiran sunansa ma ba zai ga laifinsa ba, kuma maganar riga, zai ɗinka masa sabuwa, biyu ma, kuma...

Malam Lawal ya ɗaga hannu. Ya yafito shi. Baƙo ya matso, ya kai kunnensa daf da bakin amininsa, ya riƙe numfashi don kada ya rasa ko kalma ɗaya. Maganar tana fitowa da ƙyar, guntu-guntu.

“Mutum arba'in suka gani. Da su nake shan shayi kullum.” Ya tsaya ya haɗiyi yawu, ya runtse ido don zafi. “Kai ba ka gani ba. Kai kaɗai ka shiga.”

Baƙo ya zauna kusa da shi. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa, hawaye na bin kumatunsa bai ko tare su ba. Suka zauna a bencin nan su biyu, kafaɗa na taɓa kafaɗa, har masinja ya fito ya ja ƙofar kotu ya sa kwaɗo.